Daga Bakin Teku Zuwa Bakin Murhu: Abin da Korona Ta Yi wa Tashoshin Jiragen Ruwa, da Yadda Ya Iso Mana

Wannan shi ne jawabin da baƙuwa mai jawabi ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya. Mun buga shi kamar yadda ta faɗe shi, saboda 'yan ƙungiyar da hanya ba ta bari suka halarta ba.

 

Hajiya Shugaba, uwar ƙungiya, ma'aji da sakatariya, wakilin ofishin ƙungiyoyin gama-kai, iyayena mata, yayyena da ƙannena na Batsari da Safana, da iyayenmu maza da na hango can baya ƙarƙashin rumfa, ina yi maku barka da wannan rana. Waɗanda suka taso daga Ruma da Wagini, da na Runka da Zakka da Babban Duhu, sannunku da hanya. Mun san yadda hanya take. Allah ya mayar da kowa gida lafiya. 'Yan ƙungiyar da suka riga mu gidan gaskiya, da waɗanda aka kashe a gonaki da ƙauyuka, Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

Kwamiti ya ce in yi magana a kan annobar korona, da abin da ta yi wa tashoshin jiragen ruwa da tattalin arzikin ƙasa. Na san akwai wadda tun da aka karanta taken ta ce a ranta, mu da kogunanmu ke ƙafewa da rani, ina ruwanmu da teku? Tambaya ce mai kyau. To bari mu leƙa madafinki, Inna, mu gani.

Fulawar da kike murza taliya da ita, ko kike yin fanke da cincin na sayarwa, alkamarta kusan duka jirgin ruwa ne ya kawo ta, aka niƙa a manyan injina irin na Apapa. Sukari ana kawo ɗanyensa daga Barazil, a tace a Legas. Madarar gari, kifin nan na ƙanƙara, maganin feshi na kashe ciyawa, kayan gyaran injin markaɗe, allurar keken ɗinki, yawancin atamfar da muke yin anko da ita, tayar babur ɗin da ɗanki ke acaɓa da shi, har sinadarin farasitamol ɗin da kike ba jikanki in zazzaɓi ya taso, duk ta ruwa suka shigo. Masana harkar ciniki na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce wajen kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna, in aka bi nauyi, jirgin ruwa ne ke ɗaukarsu. Tsakaninmu da Legas ya fi kilomita 1,000, amma ƙofar shigowar kayanmu tana can.

Mu nan yammacin Katsina ma ƙofofinmu biyu ne. Akwai Apapa da Tin Can a Legas, akwai kuma Kwatano, inda 'yan kasuwar Maraɗi suka saba sauke kayansu kafin 2023, wani abin ya gangaro mana ta Jibiya. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Kafin ƙarshen Maris, Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga wata. A cikin jawabinsa ya ce tashoshin jiragen ruwa na Legas za su ci gaba da aiki. Saboda haka a takarda ba a rufe tasha ba. Sai dai an kafa sharaɗi: jirgin kaya ba zai matso ya sauke ba sai in ya yi fiye da kwana 14 a kan teku, kuma jami'an lafiya sun duba ma'aikatansa. Mai riƙe da Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa a lokacin, ga wadda ba ta sani ba, ɗiyarmu ce ta jihar Katsina, Hajiya Hadiza Bala Usman, ɗiyar marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Musawa. Na faɗi wannan ne saboda 'yan matan da ke zaune nan gaba su ji.

To amma me ake nufi da tasha a buɗe take? Ku ɗauka kasuwar Batsari ce aka ce tana ci, amma an hana mota tashi daga ƙauyuka, an hana 'yan dako fitowa, mai awo yana gida, mai canji ya kulle shago. Kasuwa ta ci? Haka aka yi a Apapa. Kafin kwantena ta fito daga tasha, sai mai kaya ya biya kuɗin kwastam a banki, bankuna kuwa da yawansu sun rufe ƙofa. Sai wakilinsa ya zagaya ofisoshi da takardu, ga shi babu motar haya. Sai direban tirela ya shigo ya ɗauka, ga shingaye a hanya. In ma an fito da kayan, kamfanin da za a kai mashi a rufe yake. Sai kaya suka taru a filin tasha, sabon jirgi ya iso babu inda za a ajiye nasa, ya tsaya can kan ruwa yana jira, wani har makonni. Kowace rana da jirgi ya yi yana jira kuɗi ne, kowane kwana da kwantena ta ƙara a fili kuɗi ne. Hukumar ta sa a dakatar da karɓar kuɗin ajiya na kwana 21 daga 23 ga Maris, ta kuma ƙara wasu kwanaki, ya ɗan taimaka. Sauran kuɗin kuwa ɗan kasuwa ba ya biya daga aljihunsa. Yana ɗora shi kan kwali, babban dila na Kano ya ɗora nasa, na Katsina ya ɗora, har ya iso kan tiyar fulawar da kika auna.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: korona ta tarar da Apapa da ciwonta. Tun kafin annoba tireloli ke kwana a layi sati da sati a kan gadoji, hanya ta lalace, kowane shinge sai an miƙa wani abu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zuwa ƙarshen 2020 jaridu sun yi ta ruwaito cewa kuɗin ɗauko kwantena ɗaya daga tasha zuwa cikin garin Legas kawai ya haura naira miliyan ɗaya. A watan Oktoba na shekarar kuma aka ƙona hedikwatar hukumar tashoshin a rikicin EndSARS. Sai a Fabrairun 2021 aka fito da tsarin Eto, na kiran tirela ta waya bi da bi. Saboda haka in kun ji jami'i ya ɗora wa korona komai, ku rage wani abu.

Wannan ɓangaren shigowa ke nan. Babban dukan da ƙasa ta sha ta ɓangaren fita ya zo, kuma shi ma maganar jirgin ruwa ce.

Nijeriya tana samun wajen kashi 90 cikin 100 na dalar da take samu daga sayar da kaya a waje ta hanyar ɗanyen mai da iskar gas, kuma kusan duk a jirgi ake loda su, a wurare irin Bonny da Forcados. Da duniya ta shige ɗaki, jiragen sama suka sauka, motoci suka tsaya, masana'antu suka kashe wuta, sai mai ya rasa mai saye. A watan Maris na 2020 shugaban kamfanin mai na ƙasa, Mele Kyari, ya fito ya ce akwai lodin ɗanyen manmu wajen 50 da ba su sami mai saye ba. Ku kwatanta da mai awara da ta soya tire guda aka ce yau babu makaranta. An yi kasafin kuɗin 2020 a kan za a sayar da ganga dala 57. A watan Afrilu farashi ya faɗo ƙasa da dala 20. A Amurka ma akwai ranar da mai kaya ke biyan mai saye don ya raba shi da man, saboda babu wurin zubawa. Dole gwamnati ta sake kasafi a kan dala 28, ta karɓo bashin gaggawa na dala biliyan 3.4 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Ƙungiyar ƙasashe masu sayar da mai kuma ta sa kowa ya rage abin da yake haƙowa, mu ma muka rage.

Abin takaici, wanda ni har yau in na tuna sai na girgiza kai, a lokacin jirgi ne ke fita da ɗanyen manmu, wani jirgin kuma ya dawo mana da fetur da aka tace a waje. Kun tuna an rage kuɗin lita daga naira 145 zuwa 125 a Maris ɗin nan, muka ji daɗi, kafin shekara ta ƙare ya wuce 160.

Yanzu sai maganar da ake kira bunƙasar tattalin arziki. Kalma ce mai nauyi a baki, amma abin da take nufi mai sauƙi ne. A haɗa duk abin da 'yan ƙasa suka noma, suka ƙera, suka yi na aiki a shekara, a auna, a gwada da na bara. A 2019 abin ya ƙaru da kashi 2 da ɗan ɗoriya cikin 100. A wata uku na Afrilu zuwa Yuni na 2020, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ya ragu da kashi 6.1. Wata ukun da suka biyo ya ragu da 3.6. In aka sami raguwa sau biyu a jere haka, shi ne ake cewa tattalin arziki ya karye, kuma wannan ne karo na biyu cikin shekara biyar, don an yi a 2016. Shekarar gaba ɗaya ta ƙare da raguwar kusan kashi 2.

Wata za ta ce kashi 2 ai ba wani abu ba ne. To a ce gidanku kun saba samun tiya 100, bana kuka sami 98. Amma a shekarar an yi haihuwa, bakin da ke ci ya ƙaru, don yawan 'yan Nijeriya na ƙaruwa da wajen kashi 2 da rabi duk shekara. Tuwo ya ragu, hannu ya ƙaru. Kuma kun san a gida in tuwo ya gaza wace ce ke cewa ta ƙoshi.

Akwai abin da ba a cika faɗi ba, ni kuwa ina son ku ji shi da kyau. A shekarar da mai ya faɗi, sufuri ya faɗi, ciniki ya faɗi, noma ya ƙaru da kashi 2 da ɗan wani abu. Da noma ya bi sahun sauran, da ramin ya fi haka zurfi nesa. Wannan ƙarin kuwa da guminku a ciki, ku masu gayauna a bayan gida, masu kiwon awaki, masu cirar zoɓo, masu sussuka da casa. Babu wanda ya aiko maku da takardar godiya, to ni na gode maku.

Ta ina karayar ta shigo ɗakinki? Ta hanyoyi da dama, amma wadda ta fi shafar ƙungiya irin tamu ita ce naira. Da dala ta yi ƙaranci, Babban Banki ya sauya farashin gwamnati daga wajen naira 306 zuwa 360 a watan Maris, daga baya zuwa wajen 380. A kasuwar canji kuwa dalar da ake saye wajen 360 a farkon shekara ta kai 470 da wani abu. Mu yi lissafi tare. Mace ta ajiye naira 36,000 a asusu a watan Janairu, daidai da dala 100 ke nan. Ba ta taɓa ko kwabo ba. Da dala ta kai 480, kuɗinta ya koma dala 75. Ma'aji ba ta ci ba, ɓarawo bai shiga ba, littafi daidai yake, amma kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin kuɗin ya tafi in dai kayan jirgi za ta saya da shi. Hauhawar farashi ta tashi daga kashi 12 a farkon 2020 ta haura 18 a Maris na 2021, ta abinci kuwa ta kusa 23. Wadda ta kwashi adashi a farkon zagaye da wadda ta kwasa a ƙarshe, lamba ɗaya aka ba su, amma ba kuɗi ɗaya suka karɓa ba.

Sai kason da ke zuwa jiha da ƙananan hukumomi daga Abuja duk wata, wanda babban ɓangarensa kuɗin mai ne. Sai 'ya'yanmu 'yan ci-rani. Da yawansu a Legas suke, wasu ma a bakin tashar suke dako da tura baro da acaɓa. Tun 1 ga Fabrairu, 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu yankuna har da Apapa, sai ga kulle ya biyo baya. Ɗan abin da ake turo wa tsohuwa duk wata ya tsaya. Wasu ma sai dawowa suka yi a ɓoye cikin motocin kaya, don an hana tafiya tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli.

Mu nan kuwa ana wata ga wata. An sanar da korona a jiharmu a farkon Afrilu, bayan rasuwar wani likita a Daura. Gwamna Aminu Bello Masari ya kulle Daura, aka bi da Dutsin-Ma da birnin Katsina, azumi ya kama cikin wannan hali. Amma kafin nan, a watan Fabrairu, an kashe mutane a Tsauwa da Dankar a ƙasar Batsari. Ranar 18 ga Afrilu aka kashe mutum 47 a ƙauyukan Safana da Dutsin-Ma da Ɗanmusa. Ana ce mana mu zauna a gida, gidan kuma ba ya zaunuwa. Gaba kura, baya sayaki. Shi ya sa ban ga laifin wadda ta ce ita korona ba ta gani ba, 'yan bindiga ta gani. Cutar dai gaskiya ce. Ta kashe shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Malam Abba Kyari, kuma ministan lafiya da kansa ya ce fiye da rabin mace-macen da aka yi a Kano a wancan lokacin akwai alamar hannunta a ciki. Amma mu nan, ta aljihu ta fi kama mu.

Na ce ku riƙe maganar ƙofa ta biyu. Da a ce iyaka a buɗe take, da abin da ya maƙale a Apapa wani ya zagayo ta Kwatano da Maraɗi. To tun Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Da aka buɗe huɗu a Disambar 2020, Illela da Maigatari na ciki, Jibiya ba ta ciki. Sai Afrilun 2022 aka buɗe ta. Annoba ta same mu ƙofa ɗaya a garƙame, ɗayar a cushe. A 2021 kuma aka zo da hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu da yanke layin waya saboda tsaro. Wadda ta riƙe sana'arta ta fito daga waɗannan shekaru, wallahi jaruma ce.

Kuma abin bai ƙare da buɗe kulle ba. Wahalar jiragen ruwa ta fi tsanani a 2021. Mutanen Amurka da Turai da ke zaune a gida suka yi ta odar kaya daga Sin, kamfanonin jirage suka karkata inda kuɗi yake. Ɗauko babbar kwantena da ake biya wajen dala 1,500 kafin annoba ya haura dala 10,000 a Satumbar 2021. A Ningbo, ɗaya daga manyan tashoshin Sin, an rufe sashe guda na wajen sati biyu saboda ma'aikaci ɗaya ya kamu. Mutum ɗaya! A watan Maris na shekarar wani ƙaton jirgi ya gicciye a mashigin Suwez na Masar kwana shida. Akwai lokacin da ma'aikatan jirage wajen 400,000 suka maƙale a kan teku, wa'adinsu ya cika babu ƙasar da za ta bari su sauka. Su ma 'ya'yan wasu ne. Wadda ta je sayen kan keken ɗinki ko injin markaɗe a wannan shekara ta ji farashi ta yi salati, to ga inda ya fito.

Bari in tsaya kan taki, don shi ne ya fi ci mani rai. Buhun nan na NPK da ake haɗawa a cikin ƙasa, har da nan Funtuwa, kayan haɗinsa huɗu ne. Yuriya da farar ƙasa namu ne na gida. Sauran biyun, ɗaya daga Maroko ake kawo shi, ɗayan daga wajen Rasha, duka a jirgi. In ɗaya bai iso ba, injin haɗi ya tsaya. Atamfa in ta makara sai a ɗaga biki, ko a yi da tsohuwa. Taki in ya makara wata guda, shekara ce ta tafi, don damina ba ta jiran takardar kwastam. A 2020 gwamnati ta rage farashin buhu daga naira 5,500 zuwa 5,000, amma ku kuka san nawa kuka saya, kuma yaushe ya zo hannunku. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, buhu ya wuce naira 20,000.

Haka nan abin da muke fitarwa. Riɗin da kuke kaɗewa, dillali ya bi gida-gida ya saya, yana bi ta Dawanau a Kano ya sauka Legas, ya ƙare a Japan da Turkiyya da Sin. Zoɓo yana zuwa har Meziko. In mai fitarwa ya san motarsa za ta yi makonni a ƙofar tasha, kuɗin jirgi kuma ya ninka, a ina zai rage asara? A kan wadda ta fi kowa rauni a layin, mai tiya biyar da ke son kuɗin magani yau. In kaya na shigowa ne a ƙara maki, in na fita ne a rage maki. Ta ko'ina ke ce.

Wani abu na tarihi da zai ba ku sha'awa. Annobar mura ta 1918, wadda tsofaffi ke ba da labari, ita ma ta jirgin ruwa ta shigo. Wani jirgi mai suna Bida ne ya sauke masu ita a Legas a watan Satumba, ta biyo layin dogo ta hau arewa. An ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Nijeriya, lokacin da duka ƙasar ba ta wuce mutum miliyan 18 ba. Wani masanin tarihi, Don Ohadike, ya nuna cewa a ƙasar Ibo wannan annoba ce ta yaɗa noman rogo, saboda an rasa masu ƙarfin noman doya, rogo kuwa ba ya son wahala da yawa kuma yana jira a ƙasa. Mutanen Batsari ba sai an gaya maku darajar rogo ba. A kullen 2020 gidaje nawa ne kwaki da ƙuli suka riƙe?

Tun daga lokacin an yi wasu ayyuka. An buɗe sabuwar tasha mai zurfi a Lekki da tashar tudu ta Dala a Kano a Janairun 2023, ta Funtuwa kuma a Mayun 2024. Tashar tudu ita ce inda za a duba kaya a rufe kwantena a nan, ta wuce kai tsaye zuwa jirgi. Ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Ina maraba da su. Sai dai tashar tudu in babu jirgin ƙasa mai tafiya kullum, rabin aiki ce. Kuma babu wadda za ta kai tiya goma Funtuwa. Kwantena da tan ake cika ta.

Wannan ya kawo ni kan abin da ke gabanku yau bayan sallar azahar. Na ga a takardar taro akwai shawarar kwamiti cewa kada a raba ribar bana duka, a bar kashi ɗaya cikin uku a ƙungiya. Na ji kuma akwai masu ja. Ni baƙuwa ce, ba ni da ƙuri'a, amma tun da an ba ni abin magana zan faɗi ra'ayina. Ina bayan kwamiti, da sharaɗi.

Masu ja suna da hujja, kada a raina su. A cikinmu akwai wadda aka kashe mata miji, akwai wadda ta baro ƙauyenta tana raɓe a gidan dangi, akwai wadda ta sayar da komai ta biya fansa. Ce wa irin wannan ta jira baɗi ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka in za a riƙe kason, a rubuta tun yau cewa wadda ke cikin irin wannan hali za ta iya karɓar nata cikakke, ba sai ta tsaya gaban taro ta yi bayani ba. Mutum uku na kwamiti sun isa su sani.

Sharaɗi na biyu, kada kuɗin ya kwanta a matsayin naira. Kun ji lissafin 36,000. Bayan 2023 ma abin ya fi haka muni, don a 2024 dala ta wuce naira 1,500. A mayar da shi abin da tabbas za ku buƙata: taki, iri, maganin feshi, buhunan nan masu leda biyu na ajiyar wake. A saya da rani, wajen Janairu ko Fabrairu, lokacin da ba a rububi, a saya a dunƙule daga babban dila, da rasit, kuma a buɗe buhu a duba kafin a biya, don jabu ya yi yawa.

Na san wata za ta ce me zai hana a sayi hatsi a ajiye ya yi tsada. A nan ina jan kunne. Ban da abin da malamai suka faɗa kan ɓoye abinci lokacin da jama'a ke buƙata, akwai haɗarin kasuwa. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Kaya suka shigo, damina ta yi kyau, a 2025 farashin hatsi ya faɗo, waɗanda suka cika rumbuna da tsada suka yi kuka. Tashar da in ta cushe take tsadar da kaya, in aka wangale ta tana karya farashi. Taki kuwa ko ya sauko, gonarki za ki zuba shi.

Saura inda za a ajiye. Wannan ku kuka fi ni sani, kuma ba maganar da za a yi a lasifika ba ce. Abin da kawai zan ce, kada a tara a ɗaki ɗaya, kuma kada a tara a gari ɗaya. A raba tsakanin ɓangaren Batsari da na Safana, mabuɗi biyu a hannun mutum biyu, littafi a hannun ta uku.

Riɗi da zoɓo kuma, in kun yarda ku haɗa na bana ku sheƙe shi tas, babu tsakuwa babu ƙasa, ku sayar a mota guda, to a nemi 'yan mata biyu cikin masu karatu a ba su littafi. Duk ranar kasuwa su rubuta farashin riɗi, zoɓo, taki, fulawa da dala, su kuma kira Dawanau su ji na can kafin dillali ya iso. Kuɗin katin wayarsu ya fito daga kason da aka riƙe, a sa shi cikin lissafi tun yanzu don kada a zo ana gardama a kansa.

Hajiya Shugaba, na ga sakatariya tana nuna mani agogo. Wadda ke da tambaya kan lissafin dalar nan ta same ni bayan an ci abinci, ina nan har la'asar.